Ƙanena Ya Ɗaga Hannu Kamar Yadda Kuka Koya Masa

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ya zo makarantarmu koyar da tsallaka titi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ɗaliba ce a Sabo, nan Ibadan. Ranar da kuka zo kun ce mai tambaya ya ɗaga hannu, kunya ta hana ni. Shi ya sa na rubuto.

Na ɗaya, mun gode da zanen fari-da-baƙi da kuka yi mana a tsakiyar harabar makaranta. Ya yi kyau ƙwarai. Tun da aka zana shi babu wanda mota ta buge a kansa, don mota ba ta shiga harabar. Awakin unguwa ma a kansa suke tsallakawa lafiya.

Na biyu, Ummanmu ba ta fita, zoɓo take sayarwa a gida, ni ke kai ƙanena Sadiku ɓangaren firamare. Titin da muke tsallakawa ta wajen Mokola ba shi da zane ko ɗaya. Da can yakan riƙe gefen hijabina mu jira sarari mu ruga. Yanzu ya daina. Ya ce mai kaki ya faɗa, in ka duba hagu da dama ka ɗaga hannu, dole a tsaya maka.

Ranar Talata ya saki hijabina. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga hannu, ya shiga titi. Komai ya yi daidai, ranka ya daɗe. Sai dai wani mai okada ya ɓullo ta hannun da ba nasa ba, kuma da alama bai halarci darasinku ba. Ya ture shi, ya ce masa "were", wato mahaukaci da Yarbanci, ya wuce. Gwiwarsa ce ta ɗaye. Allah ya taƙaita. Ina goge masa jini yana kuka yana cewa, "Yaya, ai na ɗaga hannu."

Roƙona shi ne, in fenti ya rage, a kai shi bakin titi. A kuma tara masu okada da keke a koya musu rabin darasin da ya rage. In duk ba za su yiwu ba, don Allah ka dawo da kakinka ka gaya wa Sadiku cewa darasin na cikin makaranta ne kawai. Na gaya masa, bai yarda ba, ni ba ni da kaki. Gobe ma za mu tsallaka.

Allah ya ƙara girma, ya tsare 'ya'yanka a kan hanya.

Wassalam.
Rukayya, yayar Sadiku.