Ruwan Zafin Malam

Litinin, 8 ga Janairu

Sanyin yau har cikin haƙori. Na fito zan tafi shago, na ce bari in duba ruwan mota. Da aikin maigidana Malam ne, Allah Ya jiƙansa. Tun da ya rasu, wata bakwai ke nan, ni nake dubawa duk Litinin, kuma motar ba ta taɓa yi mini gardama ba. Sai yau.

Ruwa lafiya, mai lafiya. Na sauke bonet, ya ƙi kamawa. Na ɗaga na sake shi, ya yi tsalle. Na danna da hannu biyu. Na waiga hagu da dama, ba kowa a layi, na haye na zauna a kai, ni da shekara hamsin da takwas da ciwon gwiwa. Ina sauka ya ɗago baki.

Na ce to, a hankali zan tafi. Ina shiga shataletale iska ta ɗage shi gaba ɗaya, ya rufe mini gilashi ruf. Innalillahi! Na taka birki, na bayana ya danna hon, na bayansa ya danna nasa, wani mai lemo yana ta "Hajiya, motarki ta buɗe!" Kamar ni ban gani ba. Allah dai Ya tsare. Na laluba jaka, abin da na samu ɗamarar rigar wata kwastoma ce, ruwan hoda mai duwatsu. Da ita na ɗaure bonet da bamba. Haka na isa shago, mota da kwalliya.

Na dawo na sha shayi kofi biyu. Ko ba komai yanzu filas ɗina nawa ne. Da Malam na nan, da irin wannan sanyin da sassafe zai fice da shi waje ya dawo mini da rabi. In bi shi har ƙofa ina faɗa, "ina ruwan zafina?", ya ce wai "sanyi ne ya sha." Shekara da shekaru muna wannan rigimar.

Talata, 9 ga Janairu

Wani ɗan baƙin ciki ya ɗauki hotona a shataletale. Auta ta turo mini, tana dariya har da hawaye a waya. Ita ba damuwa. Matsalar yayanta ne, Manaja, ɗana na fari. Tun yana firamare yake tsara wa mutane rayuwarsu, sunan bai bi shi a banza ba.

Ya kira. "Umma, wannan ai ganganci ne." Sai kuma, "ki rufe shagon nan haka, kin yi ɗinki ya isa, ga ɗaki nan mun gyara miki." Wai ran Asabar zai zo da mai sayen mota.

In babu mota babu shago, ya sani sarai. Shagon yana can ƙarshen gari, gwiwata ba ta hawa bas. Ni in koma gidan suruka in zauna gaban talabijin, ana leƙowa ana tambayata ko na sha magani? Na ce masa motata lafiyarta ƙalau, ƙugiyar bonet ce kawai, gobe bakanike zai gyara. Ya ce, "To, mu gani." Irin "mu gani" ɗin ubansa sak.

Laraba, 10 ga Janairu

Yau na ga wulaƙanci.

Da safe bonet ya ƙi rufuwa, na sake ɗaure shi. Da azahar, rana ta take, na kai wa bakanike. Na kwance ɗamara, na tsaya gefe ina jiran ya sha mamaki. Ya ɗaga bonet, ya sauke da yatsa ɗaya. Ƙas! Ya kama. Ya sake buɗewa ya rufe. Ƙas! Sau uku, munafukar mota.

"Hajiya, ƙila ba kya dannawa da kyau ne."

Ni da na zauna a kai! Amma ban iya faɗa masa haka ba.

Ashe Manaja ya kira shi daga baya. Da yamma sai ga waya, murya a sanyaye, irin wadda ake yi wa marar lafiya. "Umma, ba komai, girma ne, kowa zai je wurin." Wallahi gara ya yi mini tsawa. Wannan lallashin ya fi mini ciwo. Yanzu a wurinsa ba mota ce ta lalace ba, ni ce.

Alhamis, 11 ga Janairu

Bonet ya ƙi kuma. Na kira bakanike ya zo ya gani da idonsa, wai sai goma yake buɗe gareji. Kafin goma kuwa mota ta gama shan rana ta zama mutuniyar kirki. Mai rigar ta zo karɓar ɗamararta, na ce mata tana wurin guga.

Jumma'a, 12 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙarfe bakwai ina durƙushe gaban mota ina leƙen ƙugiyar nan da tocila, sai ga mai kantin da ke kallon gidanmu ya tsallako, yana murza hannu. Bayan gaisuwa ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Hajiya, ba ki zuba mata ruwan ba ne?"

Na ce wane ruwa?

"Ruwan zafi mana. Ai marigayi duk sanyi da filas yake fitowa, ya tsiyaya mata a ƙugiya, sai ta kama. Na zaci kin sani."

Na ce, kana nufin duk satin nan kana gani? Har ran Litinin? Sai ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. To, ya ga lokacin da na hau. Shi ke nan, duk layi sun ji.

Na shiga na ɗauko filas, na tsiyaya. Tururi ya tashi. Na sauke bonet. Ƙas!

Rabin ruwana ke nan na shekara goma sha ɗaya. Ba sanyi ba ne ya sha, mota ce. Na ce wa mai kanti, mutum da hankalinsa, me ya hana shi kai ta a gyara? Ya yi dariya, ya ce ai ya sha faɗa masa. Wai sai Malam ya ce, "In na gyara, a kan me Hajiya za ta biyo ni ƙofa da safe?"

Na ce masa na gode, na shige gida na rufe ƙofa. Yau ban isa shago ba sai sha ɗaya. Kai Malam. Kai dai Malam, ba ka kyauta ba.

A shago ina taka keke abin yana mini yawo a kai. Ruwan zafi ba gyara ba ne. In Manaja ya gan ni ina bin mota da filas, gobe-gobe zai kwashe kayana. Sannan ruwa a ƙarfe kullum, tsatsa ce. Amma me ruwan zafi yake narkarwa? Tsohon mai da ya daskare. Ai shekara talatin ina fama da wannan a keken ɗinki! In sanyi ya zo keke ya yi nauyi, ba ƙarfi ake sa masa ba, wanke shi ake yi a sa sabon mai.

Da la'asar na ɗaura zani, na fito da kananzir a gwangwani, da ƙaramin sukudireban keke, da man keke. Burushi na rasa. Sai na tuna na haƙorin Malam yana nan cikin kofi a banɗaki, ban jefar ba. Ban san me ya sa ba. Na ce to, zo ka ƙarasa aikin da mai kai ya ƙi yi.

Abin da ya fito daga ƙugiyar nan! Baƙin giris ya sandare kamar ƙaro, da yashi, da wani botin riga. Na goge, na tura harshen ƙugiyar gaba da baya da sukudireba har ya fara komowa da kansa. Na ɗiga mai a ƙugiya, na ɗiga a bakin wayar da ke janta. Tana rufuwa, amma da yamma ko jiya ma tana rufuwa. Sai da safe za a sani.

Asabar, 13 ga Janairu

Na so in gwada kafin su zo. Ina ɗaura ɗankwali na ji hon. Bakwai saura! Manaja da mai sayen, wani gajere da hular sanyi har gira. Sanyi kuwa baki na fitar da hayaƙi.

Mai sayen ya zagaya mota, ya daddaki taya, ya buɗe bonet yana duba inji. Da ya gama zai rufe, na ce, "Matsa, bawan Allah." Na yi bisimilla a zuci, na sauke da yatsa ɗaya.

Ƙas!

Na buɗe na rufe sau uku, yadda bakanike ya yi mini. Mai kanti yana can bakin kantinsa, har da tafi.

Mai sayen ya sunkuya ya shinshina. Wai wane bakanike ne ya yi wannan aikin? Na ce tela ce. Manaja ya fara, "Duk da haka, Umma, a shekarunki, in wani abu ya faru a hanya..." Na ce to, kai mai ƙuruciya, shiga ka buɗe mana bonet ɗin. Ya shiga ya yi ta lalube ƙarƙashin sitiyari. Ya ja wani abu, but ɗin bayan mota ya buɗe. Ya ja wani, murfin tanki ya buɗe. Mai sayen ya yi dariya har hularsa ta zame, ya tambaye ni inda ake samun irin man nan, wai tasa ma haka take yi.

Da mutumin ya tafi, Manaja ya tsaya jikin mota yana wasa da makulli. Can ya ce, "Umma, tsoro na ji da na ga hoton nan. Baba bai daɗe da rasuwa ba." Na ce na sani. Na gyara masa kwalar riga, ɗinkin wani wuri ne, ba ta zauna ba. Ya ajiye mini makulli a tafin hannu.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na wanke ɗamara, duwatsu uku sun ɓata. Na mayar da wasu, mai rigar ba za ta gane ba.

Talata, 16 ga Janairu

Sanyi ya fi na makon jiya. Auta ta kwana a nan. Na tashi na dafa ruwa, na cika filas har wuya, hannu ne ya saba. Na fita da shi duba mota, ko da yake ba Litinin ba ce. Bonet yana rufuwa da yatsa ɗaya, ba ya buƙatar komai. Ban zuba masa ba, kada in wanke man.

Na ɗan tsaya dai a wurin. Na sha kofi ɗaya a tsaye, na miƙa wa mai kanti ɗaya, sauran ban lura ba. Burushin na wanke na mayar cikin kofinsa, zai yi amfani baɗi.

Sai ga Auta a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, wai tana ta neman filas, ta karɓa ta girgiza. "Umma, ina rabin ruwan?"

Na ce sanyi ne ya sha.