Yawon Fasto na Ranar Talata

Talata, da dare

Ƙafafuna kamar ba nawa ba, kuma ni na jawo wa kaina. A taron dattawa na tashi na ce kuɗin motar da Fasto ke kashewa duk Talata ya yi yawa, baikonmu bai taka kara ya karya ba, ga rufin coci yana yoyo. Bai yi musu ba, sai ya ce, "Ma'aji, zo ka raka ni."

Daga Agege zuwa Ketu motocin haya na danfo uku muka hau, sauran a ƙasa. Ashe 'yan cocinmu masu gadi yake bi, waɗanda oga ba ya bari su fito ranar Lahadi. A kowace ƙofa sai ya tsaya, ya yi addu'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

A ta ƙarshe, Baba Yohanna, tsohon mai gadi, ya riƙe hannun Fasto ya ƙi saki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a layin nan kowa 'aboki' yake kirana. Sai Talata nake jin sunana."

Kunya ta rufe ni. Gobe zan janye maganata. Rufi ya ci gaba da yoyo, ai muna da bokiti.