Hutun Shekara Bakwai da Ka Tara, Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Garba.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ni ce Binta. Shekara uku ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da na ɓoye maka tun kana raye. Ta ishe ni ɗauka. Yau zan faɗa maka ita, ko da jama'a za su karanta.

Kai ka samo mini aiki a ofishinku, ɗakin ajiye fayil-fayil na ma'aikata. Ranar da na fara ka goyo ni a babur ɗinka daga Titin Bauchi, kana yi mini huɗuba har muka wuce Gada Biyu. Kar in makara, kar in yi musu da oga, kar in yi saurin neman hutu. Lokacin ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, kowa ya manne wa kujerarsa. Ka ce duk wanda ya tafi hutu ya nuna musu aiki na tafiya ba tare da shi ba.

Kai kuwa shekara bakwai rabonka da hutu. Duk ƙarshen shekara sai ka shiga wurin tsohon oga, ya dafa kafaɗarka ya ce, "Garba, na ajiye maka, ba inda zai je." Ka fito baki har kunne. A gida tsokanarka muke yi, mu ce Yaya na adashen hutu. Ka ce mu yi ta dariya, ranar kwasa wata bakwai cur za ka yi a gonar dankalinka, ko inuwar ofis ba za ka gani ba.

Watana huɗu da fara aiki fayil ɗinka ya zo hannuna. Na buɗe shi takarda bayan takarda. Babu ko layi ɗaya da ya ce an ɗage maka hutu. A ƙa'idar wurin, hutun da ba a je ba yana mutuwa tare da shekararsa, sai in an rubuta an sa hannu. Madam Ladi, shugabar ɗakinmu, ta leƙo ta kafaɗata ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Ka gaya ma yaya naka, magana na baki ba ya shiga fayil."

Ban gaya maka ba, Yaya.

Wata Asabar na zo gidanka a unguwar Congo-Russia da maganar a bakina. Na tarar da kai kan tabarma kana lissafa wa matarka, Anti Rabi, yadda za ka ja ruwa daga rafi zuwa gonar. Idonka har ƙyalli yake yi. Na ce a raina ni wace ce, yarinyar da ko wata biyar ba ta cika ba, da zan ce wa wanda ya kawo ni shekararsa bakwai ta tafi a banza? Na ci tuwo, na yi sallama, na ce sai sati mai zuwa. A lokacin tsohon oga yana nan, sa hannu ɗaya ya isa ya gyara komai. Na yi ta ɗagawa har ya yi ritaya.

Sai hawan jini ya tasa ka gaba. Ƙafafunka suka kumbura, likita ya ce ka ajiye aiki ka kwanta na tsawon lokaci. Ka shiga wurin sabon oga ka nemi watanninka. Ya aika a kawo fayil, ni na kai shi da hannuna. Ina tsaye yana juya takardun, ya rufe ya ce babu komai a nan, wata ɗaya na bana kaɗai zai iya ba ka.

A baranda ka ga ina hawaye. Ka ce, "Share idonki, ke ɗauko fayil kawai aka ce ki yi, ina laifinki?" Wallahi da mari ka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Watan na cika ka dawo aiki da silifa, don takalmi ya daina shigarka. Tsoro kake kar a sa sunanka cikin waɗanda za a sallama. Ba ka yi sati shida ba aka kwantar da kai a asibiti, daga can aka kai ka makwancinka. Na san ajali ba ya jira, na yarda da wannan. Amma na kuma san abin da na gani a fayil ɗin da abin da na kasa furtawa.

A zaman makoki abokan aikinka suka yi ta yabonka, wai bawan Allah ko hutu bai taɓa zuwa ba. Na ji kamar in tashi in kore su. Kafin sadakar bakwai an zaunar da wani a kujerarka, kuma aiki bai tsaya ko na awa ɗaya ba.

Yanzu ni ce a kujerar Madam Ladi. Tun tsakiyar shekara nake bin tebur-tebur da takardar hutu a hannu, har sun sa mini suna Madam Tafi Gida. Masu cewa tarawa suke yi su ne muka fi yin faɗa da su. Ba na lallashi. Ina ce musu su je su ga 'ya'yansu da rana, su je asibiti tun suna iya taka ƙafa, in kuwa dole a ɗage, to a rubuta ina tsaye. Wasu na ganin na cika zafi. Ba su san da wa nake magana ba in ina yi musu faɗa.

Jiya na je na faɗa wa Anti Rabi komai, tun daga farko. Tana tsince shinkafa a tire. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye tiren, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Na zauna har aka kira la'asar ba ta fito ba. Ban san ko za ta sake amsa sallamata ba, kuma ba zan ga laifinta ba.

Yayana, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya raya abin da ka bari, ya sanyaya zuciyar matarka a kaina.

Ƙanwarka,
Binta