Bindigar Baba Ta Sha Fenti

Gashua

Zuwa ga Yaya Zarami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mardiyya da yara. Yaya zafin Nguru? Mu nan sai godiya.

Ƙaninka Ya'u ya hana ni sakat. Wai ya gani a waya, a ƙasashen Turai ana gwanjon tsofaffin bindigogin soja, masu kuɗi na rububinsu don ajiya kawai, farashi kuma kullum sama yake yi. Shi ne ya ɗora ido kan bindigar da marigayi Baba ya dawo da ita daga yaƙin Bama, wadda ko harbi ta daina tun muna yara. Har ya samo wani dillali, Abbagana, da zai zo ya gani.

Ka san tun da ambaliya ta rushe ɗakin Iya take kwana a nawa, ga damina na ƙaratowa. Bayan kwana da kwanaki, ta ce a sayar da bindigar a tayar da ɗakin. Ban hana ba, na gaji da gardama.

Ƙanwarka,
Meram

Gashua

Yaya Zarami,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida. Allah ya sa ƙafar taka ta yi sauƙi.

Dillali ya zo, ya koma hannu rabbana. Ka san sana'ar Ya'u, tsohon keke ba ya barin hannunsa sai ya sha fenti ya zama amarya. To, haka ya yi wa bindigar, wai kada mu ji kunya gaban baƙo. Ya sa aka goge ƙarfen da sanfefa har lambar jikinta da hatimin Turawa suka ɓace, aka shafa baƙin fenti, kafinta ya cire tsohon katakon ya sa sabo. Ni ma da na gani sai da na yaba, ba zan ɓoye maka ba.

Abbagana ya juya ta sau ɗaya ya ajiye. Ya ce tsufan ake saye, da lambar, da dattin hannun mai ita. Yanzu ko kyauta ba zai ɗauke ta ya bi shingen sojoji ba.

Iya ba ta yi faɗa ba. Idonta ya yi raurau, sai ta shafa bindigar daga sama har ƙasa, ta ce wannan ba ta Baba ba ce. Ta ce ɗaki ya jira, a kawo mata tsohon katakon kawai, akwai gurbin da tafin hannunsa ya cinye a jiki.

Na je gidan kafintan da kaina. Matarsa ta riga ta hura wuta da shi.

Kullum da safe sai Iya ta tambaye ni, kullum in ce gobe. Wallahi na gaji, Yaya. Kai ne babba, ka shigo mota ka zo ka gaya mata, ni bakina ya kasa.

Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa,
Meram