Kafson Busar da Ciwon Hajja

Fadaman Mada, Bauchi
6 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Mahfuz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Ka ce in daina cika maka kunne da kuka a waya, in zauna in rubuta komai dalla-dalla. To ga shi na rubuta, zan ɗauki hotonsa in turo maka.

Yau kwana goma sha biyu da sallamo mahaifiyarmu. Kamar yadda ka sani, Likita Rotimi ya yanke wajen da ya toshe a hanjin Hajja ya sake haɗawa, kuma ɗinkin ya yi kyau. Maganin da suka ba mu na kwana biyar ne kacal. Yanka irin wannan, a ce kwana biyar? Ko kaciya aka yi ai sai an sha kafso ciwon ya bushe. Da na asibitin ya ƙare na je kemis ɗin bakin layinmu na karɓo kafso, ja da yalo da ja da baƙi, ina ba ta safe da yamma. Haka ita ma ta yi mini da na haifi Usama, kuma ga ni garau.

Har ta fara takawa tsakar gida, sai ga matarka Fatimatuzzahra daga Yelwa, ta biya kasuwar Muda Lawal ta sayo fura da nono. Wai Hajja ce ta ce tana marmari. Mutumin da aka farke wa ciki, nonon kasuwa! Washegari gudawa ta tsinke mata, har yau ba ta tsaya ba. Ka san ni ba na ɓoye magana. A gaban ’yan dubiya na faɗa mata ita ta jawo mana wannan, kuma ko ruwa kada ta sake kawo mana gidan nan. Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Kada ka tayar da hankalinka, na haɗa mata da ƙwayar tsayar da gudawa. Ka sa mu a addu’a.

Ƙanwarka,
Salma

Bauchi
10 ga Yuli

Yaya Mahfuz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Na ga saƙonka na cewa in ji tsoron Allah a kan matarka. Na ji, amma yanzu ba ta ita nake ba.

Mun koma asibiti tun ranar Alhamis. Zazzaɓi ya rufe Hajja, cikinta ya kumbura ya yi tauri, ko hannu ba ta bari a ɗora. A yini tana zagayawa ya fi sau goma, ruwa zalla mai wani irin wari. Matar da ke tsaye tana faɗa da masu kayan miya, yau ita ce ba ta iya ɗaga kai daga matashi. Yaya, tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji kada mu rasa ta.

Likita Rotimi ya tambaye ni abin da ta ci da magungunan da ta sha a gida. Na faɗa masa maganar furar, na ce magani kuwa nasu ne kawai. Ka san halin mutanen asibiti, da sun ji an ambaci kemis sai su hau mutum da faɗa kamar ya yi sata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa aka ɗebi bayan gidanta aka kai gwaji.

Sun ware mata ɗaki ita kaɗai. Akwai wata nas, Sista Dorothy, ba ta barin kowa ya shiga ko ya fita sai ya wanke hannu da sabulu, wai ruwan nan da ake fesawa a tafi ba ya kashe irin ƙwayar cutar da suke zargi. Duk wannan tsirfar, ban da ƙarin ruwa da wata ƙwaya guda ba abin da suke ba ta. Uwata na tsiyayewa in zauna ina kallo? Ina buɗe kafson in zuba mata a kunu, in bi ta da ta tsayar da gudawar idan sun fita.

Matarka kullum tana zuwa. Ba ta shigowa, a baranda take zama, ta kwashi zannuwan da Hajja ta ɓata ta jiƙa a bilic ta wanke. Ban hana ta ba, ban kuma yi mata magana ba.

Taka,
Salma

Fadaman Mada, Bauchi
21 ga Yuli

Yayana Mahfuz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Ka yi haƙuri da ƙin ɗaga wayarka da na yi kwanakin nan, kunyarka nake ji. Na san an faɗa maka Hajja ta samu sauƙi, amma ba a faɗa maka komai ba.

Washegarin wasiƙata ta biyu, da hantsi, ina cikin juye kafso a kofi sai matarka Anti Zahra ta turo ƙofa da zannuwan da ta ninke. Muka haɗa ido. Na shirya mata baƙar magana, amma ba ta tsaya ba, ta ajiye kayan ta juya. Ba a jima ba sai ga Likita Rotimi da Sista Dorothy. Ya ce in miƙo jakata, ya zazzage ta a kan tebur.

Bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni ya yi bayani da Hausarsa ta ’yan koyo. Ya ce a hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da suke tare wa mugaye wuri. Wanda aka yi wa aikin hanji, ga shekaru, ga kwanciyar asibiti, ga maganin da dole a ba shi, dama yana cikin haɗari, shi ya sa suke ƙayyade kwanakin. Ni kuma na zo da kafso na share ragowar masu amfanin, muguwar ta samu fili. Gwaji ya nuna ta. Ƙwayar tsayar da gudawa kuwa rufe dafin take a ciki, ita ta ƙara kumburin. Ya ce da an ƙara kwana biyu a haka, da sai an sake farke ta, kuma ba ya jin jikinta zai ɗauka. Na tambaye shi furar fa? Ya ce ba ya ganin ita ce.

Yaya, ni da nake ganin duk duniya ba wanda ya kai ni son Hajja. Ni na hana kowa raɓarta, ni nake auna mata ruwan sha, ashe da hannuna nake ɗura mata ciwon safe da yamma. Na yi ta tunani, abin da na gani ana yi tun ina ƙarama na yi, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba. Wannan Allah Ya yafe mini. Amma ƙaryar da na yi wa likita don gudun faɗa, ita ce ke hana ni sukuni.

Da aka daina abin da nake ba ta, maganinsu ya kama. A kwana na huɗu zazzaɓin ya sauka, jiya aka sallame mu. Sun ce ciwon yana iya dawowa, da mun ga alama mu koma, kuma ko kafso ɗaya kada ya sake shiga bakinta sai da takardarsu. Mun ware mata banɗaki da buta, na ajiye sabulu a bakin ƙofa, kowa ya zo dubiya sai ya wanke hannu, mai fushi ya yi.

Sai da za mu taho Sista Dorothy ta faɗa mini abin da Anti Zahra ta ce wa likita ranar nan. Ba ta ambaci sunana ba. Cewa ta yi mu a gida mun yi kuskure, muna ba Hajja maganin kemis. Matar da na tozarta a gaban mutane, ta raba laifin da ni.

Yau da safe Hajja ta ce fura take so. Na kira likita, ya ce a ba ta kaɗan in dai madarar dafaffiya ce. Na hau keke na tafi Yelwa wajen Anti Zahra da kaina. A hanya na tsara maganganu iri-iri, da ta buɗe ƙofa kuwa sai na fashe da kuka. A gaban mutane na ci mata mutunci, don haka gobe Juma’a idan ’yan dubiya sun taru, a gabansu zan nemi gafararta. Tare muka taho gida, yanzu haka tana ɗakin Hajja tana ba ta furar a cokali, ni kuma ina baranda, zannuwan na jiƙe a bilic suna jirana.

Ka yafe mini, Yaya. Hajja na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Salma