Muryar Baba a Fodkas

Angwan Iya, Keffi

Yaya Abdulrahman,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Anti Khairat da yara kuna lafiya, ya Legas da zirga-zirga? Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Shago dai yana nan yadda ka bar shi, sai ma abin da ya ragu. Samari yanzu ɗinkakku suke saye daga Abuja, Baba yakan wuni a kan keken ɗinki ba wanda ya leƙo sai masu gyaran wando. Shi ya sa na ɗauki shawararka, na fara shirin muryar nan na intanet da kake kira fodkas. A ɗakin Baba nake ɗauka, na rataya zannuwa a bango don kada murya ta yi amo. Da farko ya ƙi, ya ce shi tela ne ba ɗan rediyo ba. Da na tambaye shi yadda ake gane shadda ta gaske da ta jabu, sai ya manta da wayar, ya yi ta bayani kamar yana koyar da yaron shago. Wallahi Yaya, ni da na tashi a shagon nan ban san rabin abin da ya faɗa ba.

Matsalar ita ce ba mai saurare sai ni da ƙawayena. Kuma shirin yana tsawo, don Baba yakan yi shiru a tsakiyar magana, wani lokaci ya maimaita labarin da ya riga ya bayar. Kai ne aikinka tallata kayan mutane, ka faɗa min abin yi.

Baba yana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Nasiha

*

Legas

Nasiha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na saurari abin da kika ɗora. Muryar Baba kaɗai ta isa jari, gyara ne bai yi ba.

Ki rage tsawon, kada ya wuce abin da mutum zai saurara a mota daga Keffi zuwa Masaka. Duk wani shiru da maimaici ki yanke, mai saurare ba ya jira. Ki fara da maganar da ta fi daɗi, gaisuwa ta biyo baya. Ki tsayar da rana ɗaya a mako, kada ki saɓa ko da NEPA ta ɗauke wuta. Daga kowane shiri ki ciro ɗan guntu ki sa a WhatsApp da TikTok tare da hoton ɗinkin da ake magana a kai. Ki riƙa gayyato masu ƙananan sana'a irinmu, don kowa zai tura wa nasa mutanen. A ƙarshe ki faɗi inda shago yake, a hankali, yadda baƙo zai gane.

Kada ki sa Baba ya yi talla. Ya koyar kawai, masu saye za su zo da kansu.

Ki gaishe shi, ki ce ina nan tafe da Sallah in Allah Ya yarda.

Yayanki,
Abdulrahman

*

Angwan Iya, Keffi

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa, kuma maganar da zan faɗa na daɗe ina juya ta.

Shawararka ta yi aiki. Mutane na zuwa daga Mararaba da Akwanga suna tambayar shagon Malam Mijinyawa na cikin waya. Wani malamin jami'a ya kawo yadi ya ce sai dai Baba ya auna shi da hannunsa. Na kuma ji ka shirya taron masu ƙananan sana'a a Abuja, kana so a ɗauki shirin a gaban jama'a, kai kana tambaya Baba yana amsawa. A kan wannan nake rubuto maka.

Yaya, Baba ba shi da lafiya. Ranar da na gayyato Anti Mabel, mai sayar da yadi a shagon da ke jikin namu, sun fara hira lafiya lau, sai ya juyo ya tambaye ta sunanta. Ta yi dariya ta zaci wasa ne. Da ya sake tambaya, sai ta kalle ni. Matar da tun muna firamare take kawo mana shinkafar Kirsimeti. Bayan mun gama ta ja ni waje, ta ce ta daɗe da lura, tana jin nauyin faɗa ne. Ta ce, “Nasiha, ku kai Papa asibiti, wannan ba tsufa kaɗai ba ne.”

Makon jiya kuma ya yanka shaddar wani ango, ya fitar da hannun riga na gefe ɗaya sau biyu, ya rasa na ɗaya gefen. Ya zauna yana kallon yadin ya kasa gane inda ya kuskure. Anti Mabel ce ta nemo mana irinta kafin mai kaya ya dawo.

Abin da kake ji a fodkas ba haka yake fitowa daga bakinsa ba. Yanzu sai in ɗauki yamma guda kafin in samu abin da zai cika shiri. Ina yanka ina haɗawa har ya zama Baban da muka sani. A gaban jama'a babu yanka. Don Allah ka janye sunansa daga taron nan.

Ƙanwarka,
Nasiha

*

Legas

Nasiha,

Salam. Na karanta, kuma ina ganin gajiya ce take sa ki ganin abin ya fi yadda yake. Wane dattijo ne ba ya mantuwa? Ni ma nakan nemi makullin mota yana hannuna. Kowane mako ina sauraron Baba a hanyar ofis, shirin da ya yi kan aikin wuyan babbar riga na ji shi ya fi a ƙirga. Mutumin da kansa ya taɓu ba ya irin wannan bayani.

An riga an buga sanarwa da hotonsa. Wani kamfanin yadi zai zo, suna son ɗaukar nauyin shirin, kuma kin san abin da hakan zai yi wa shago. Tambayoyin masu sauƙi ne, ni zan yi su, ina kusa da shi. Shekara da shekaru Baba yana ɗinka wa manya kaya su shiga taro a tafa musu, shi yana gida. Ina so ko sau ɗaya ne a tafa masa.

Maganar asibiti za mu yi ta bayan taro. Zan turo mota.

Abdulrahman

*

Legas

Ƙanwata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya. Na kira ba ki ɗauka ba, ban kuma ga laifinki ba.

Kina can baya wajen masu lasifika, kin ji abin da ya faru amma ba ki ga fuskarsa ba. Da muka fara, ya yi kyau sosai. Ya ɗaga shadda ya murza ta a kusa da makirufo don mutane su ji ƙararta, zauren ya yi tsit. Sai na tambaye shi wace shawara zai ba matasa masu fara sana'a. Ya duba fitilu, ya duba mutane, sannan ya juyo gare ni ya ce, “Samari, kai ɗan gidan wa ne?”

Aka fashe da dariya ana tafi, sun ɗauka shiri ne muka yi. Ni ma na yi murmushi don ban san abin yi ba. Amma idonsa na cikin nawa, yana jiran amsa da gaske, cikin ladabin da yake yi wa baƙo. Na ce ni ne Abdulrahman. Ya ce Allah sarki, shi ma yana da ɗa mai wannan suna a Legas.

Kafin mu kai ku mota wani ya riga ya ciro wurin daga bidiyon taron ya watsa. Na sa an cire daga shafin taron, amma ya riga ya bazu. Masu kamfanin yadin sun kira suna murna, suna so a ƙara irin wannan barkwanci. Na ce musu mun fasa. Khairat ta ce tun da na dawo ban ci abincin kirki ba, ni ban ma lura ba.

Na nemi hutu. Ki tambayi Anti Mabel wane likita ya kamata mu fara gani. Sannan ina tunanin mu yi shiri na ƙarshe mu faɗa wa masu saurare gaskiya, ko dariyar ta tsaya. Amma wannan karon ba zan yanke komai ba sai abin da kika ce.

Yayanki,
Abdulrahman

*

Angwan Iya, Keffi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun iso lafiya. An ba mu ranar Talata mu ga likita, ka yi ƙoƙari ka iso kafin nan.

Mutane na ta zuwa shago neman tsohon nan mai ban dariya. Anti Mabel tana tare su a ƙofa, wanda ya zo da yadi ya shiga, wanda ya zo da waya ya koma.

Maganar shiri na ƙarshe ba tawa ba ce, ba kuma taka ba, don haka na jira. Jiya da safe Baba ya tashi garau, har ya tambayi yaranka da sunansu. Na zauna na faɗa masa komai, na tambaye shi ko yana so a sanar da mutane. Ya ci gaba da gyara zaren keke. Can ya ce, “Ki faɗa musu shago yana buɗe. Sauran nawa ne.”

Haka zan yi. Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Nasiha