Wata Bakwai Ina Yi wa Uwarsa Magana da Muryarsa

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a fara zagi. Wanda ya ga lallai sai ya zaga, ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa mini da shawara don ita nake nema. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni mai gyaran waya ne a Onitsha, wadda mu muke ce wa Anacha. A nan aka haife ni, babana cinikin albasa ne ya kawo shi ya zauna. Ina da 'yar rumfa a gefen Main Market, teburi ɗaya da benci biyu. Ana ce mini Injiniya, ko da yake sakandare ma da ƙyar na gama. Cutata ɗaya ce, surutu. Duk wani labarin fasaha da ya fito sai na karanta, sai kuma na yi masa sharhi ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Bayan La'asar 'yan dako sukan zo su sa caji su huta a bencina, ni kuwa sai in buɗe musu labarai. In ce an ƙera mutum-mutumin da zai riƙa ɗaukar kaya, duk ku nemi hanyar gida, amma kar ku tsorata, a bari ya shigo taɓon kasuwar Ochanja da damina da buhun shinkafa a ka, mu ga wanda zai ɗauki wani. In ce an yi motar da ke tuƙa kanta, to a kawo ta cunkoson Upper Iweka ranar Litinin, in ba ta yi kuka ta nemi direba ba, a canza mini suna. In ce Turawa na shirin komawa wata duniyar da zama, ku kwantar da hankalinku, suna sauka za su tarar da Bahaushe ya riga su, ya kafa tukubar tsire yana tambayar su ko da yaji. Haka muke yi kullum, a yi ta dariya har a manta da gajiya.

A cikin masu zuwa akwai wanda zan kira Isuhu. Sa'ana ne, yana tura baro, daga wani ƙauye can kusa da iyaka, kuma shi kaɗai ne ɗan garinsu a nan. Ba shi da yawan magana, amma in yana dariya sai ya riƙe ciki ya sauko daga benci. Ƙauyensu babu sabis. Uwarsa tsohuwa ce, ba ta da waya, sai wata maƙwabciyarta da ke zuwa kasuwar Alhamis a garin da ke da sabis. Ita ce take ɗaukar muryar tsohuwar a gida, in ta je kasuwa ta turo, ta karɓi amsar Isuhu ta kai mata. Saƙo ɗaya kowane mako, shi ke nan zumuncinsu. Sau da yawa a bencina yake zama ya yi nasa, ya fara da "Inna, barka da yini, ya jikin naki?"

Wata rana na samu wata manhaja ta irin abin nan da ake ce wa AI. Ka ba ta muryar mutum ta ɗan lokaci, sai ka yi magana, ta mayar da maganarka da muryarsa sak. Da wa zan gwada? Na ɗauki muryar Isuhu ba da saninsa ba. Da aka taru na kunna, sai ga Isuhu yana cewa ya sayi jirgin ruwa biyu, daga yau kowa ya riƙa ce masa Oga. Wallahi har mai shagon kusa da ni, wani Inyamuri, sai da ya leƙo yana cewa, "Aboki, you don hammer?" wato yana tambayar Isuhu ko ya yi kuɗi ne. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, amma da aka watse ya dawo ya tsaya a kaina.

"Injiniya, ka goge abin nan."

"Haba, wasa ne fa."

"Na sani. Amma jikina bai ba ni ba. Ina tsaye a nan, ina jin kaina a can ina faɗin abin da ban faɗa ba."

Na ce masa na goge. Ban goge ba, don ina ganin ƙauyanci ne kawai ke damunsa, kuma ina so in sake ba mutane dariya da ita wata rana.

Bayan kamar sati uku ya kawo mini wayarsa, sikirin ya fashe, na ce ya dawo gobe. Washegari da hantsi wata tirela ta ƙwace a gangaren da ke shiga kasuwa. Mutum uku ta taka, Isuhu na ciki, yana tura baron kwalaye. Kafin Magariba mun binne shi a maƙabartarmu. Wanda ya zauna a Kudu ya san yadda muke yi: ana gama addu'a, tun ba a watse ba, dattawa za su tambaya wa ya san gidan mamaci, sai mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kai labari, kuma daga nan an sallama masa, ba wanda zai sake sa baki. Alhajin da ke jagorantar unguwarmu ya yi tambayar sau biyu, ba a samu wanda ya san gidan ba. Ni uban iyayi na ɗaga hannu na ce wayarsa tana wurina, ni zan sanar. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka tausasa harshe."

Ranar Laraba muka binne shi. Ranar Alhamis na sa wa wayar sabon sikirin, na kunna, na zauna ina shirya yadda zan fara. Sau huɗu ina ɗaukar saƙon ina gogewa. Ina cikin haka sai saƙon uwarsa ya shigo. Da ban saurara ba, da yanzu ba na rubuto muku wannan. Muryarta a shaƙe, tana numfashi da ƙyar: "Auta, na sha jiki satin nan, har an ɗauka tafiya ce. Amma na ce musu ba inda za ni sai na ji muryarka ranar Alhamis. Yi mini magana ko kaɗan ne, in samu in ci abinci." Ku faɗa mini, wane baki zan buɗe in ce mata jiya muka zuba masa ƙasa? Maƙwabciyar tana kasuwa tana jira, ta turo cewa a yi sauri motarsu za ta tashi. Na ce a raina sati ɗaya kawai, ta ɗan ji sauƙi, sai in faɗa. Na buɗe manhajar, na ce, "Inna, barka da yini, ya jikin naki? Ki ci abinci don Allah." Na saurara kafin in tura, shi ne, ba ko shakka.

Da aka yi sadakar uku Alhaji ya tambaye ni ko na sanar. Na ce na sanar, sun yi haƙuri, sun gode. Ya ce madalla.

Sati ɗaya ya zama biyu, ga shi yau wata bakwai. Duk Alhamis sai in ja ƙofar rumfa rabi in zama Isuhu. Na saurari tsofaffin saƙonninsa da ke cikin wayar har na haddace yadda yake jan magana, da yadda yake cewa "to, to" in ana yi masa faɗa. Hausata ta haifaffen Anacha ce, da Turancin kasuwa a ciki, wata rana "abeg" ta suɓuce mini ban lura ba, sai ta ce, "Auta, Kudu ta fara cinye maka baki." Ta yi dariya har da tari. Ɗan abin da ya saba aika mata duk wata ban fasa ba, wannan ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce na san tsohuwar nan yanzu fiye da yadda na san wasu dangina. Na san akuyar da take kiwata masa ta haifi biyu. Na san ta sa an yaɓe ɗakinsa kafin damina. Na san gwiwarta ta hagu ce ke hana ta barci. Kuma, Allah ya yafe mini, akwai Alhamis ɗin da nake jiran saƙonta da ɗoki, don tawa uwar ta rasu tun ina ƙarami, ba wanda ya taɓa ce mini in riƙa rufe ƙirji in ana ruwa sai ita. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa.

Kuma ba a daina zuwa bencina ba. Ana zuwa, ana cewa Injiniya yau me Turawa suka ƙirƙiro? Sai in daure in yi musu. Kwanaki na karanta cewa a wata ƙasa mutane na sa a haɗa musu muryar iyayensu da suka mutu su riƙa hira da ita. Da a da ne da na yi awa guda ina barkwanci a kai, in ce to saura a riƙa tura wa na kabari data. Na buɗe baki zan fara, sai na fasa, na tashi na zagaya bayan rumfa. Su waɗancan ai sun san nasu ya mutu, sun yi masa kuka, sun yi masa addu'a. Ita fa? Wata bakwai ɗanta na kwance, ba ta taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba. Addu'ar da take yi masa a ƙarshen kowane saƙo ita ce Allah ya tsare shi daga sharrin mota da sharrin ƙarfe, ni kuma in ce amin da bakinsa.

Inda na ƙarasa kashe kaina shi ne maganar zuwa gida. Da azumi ta ce ya zo ƙaramar Sallah, shekara biyu ba ta gan shi ba. Me zan ce? Na ce in sha Allah. Sallah ta zo, na ce aiki ya yi yawa, sai bayan sati biyu. Sati biyu suka wuce, na ce hanya ba kyau. Na ce zazzaɓi. Na ce Oga ya hana, alhali Isuhu bai taɓa zama ƙarƙashin wani oga ba. Mutumin da duk kasuwar nan aka sani in ya ce zai kawo maka kaya ƙarfe biyu, ƙarfe biyu za ka gan shi, ni na mayar da shi maƙaryaci a wurin uwarsa. Tun tana cewa ba komai, har ta koma cewa to. Saƙonninta suka riƙa gajarta. Ta daina ba ni labarin akuya.

Na sha yin niyyar zuwa wurin Alhaji in faɗa masa. Sau biyu ina kaiwa ƙofar shagonsa, in gaishe shi, ya ce, "Injiniya, lafiya?" in ce lafiya lau, wucewa nake yi. A unguwar nan aka haife ni, a nan aka binne babana, duk wanda ya kawo mini waya ya ba ni sirrinsa ne a hannu. In aka ji na ci amanar gawa a gaban kabarinta, wa zai sake yarda da ni? Na san wannan son kai ne, amma na ce zan faɗi gaskiya duka.

Alhamis ɗin da ta wuce saƙonta ya shigo. Babu gaisuwa. Ina jin maƙwabciyar a gefe tana cewa, "Inna, kar ki faɗi haka, ki bari ki huce," ita kuma ta ce a ƙyale ta. Ga abin da ta ce, na saurare shi ya fi sau ashirin:

"Auta, ban taɓa yi maka baki ba tun da na haife ka. Na yi ta kare ka, ana cewa Kudu ta riƙe ka, ina cewa ba halinka ba ne. Na gaji. Ba abin da kake aikowa nake so ba, fuskarka nake so in gani kafin in mutu. Babbar Sallar nan in ta wuce ban ga ƙafarka a gidan nan ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Jama'a, bawan Allahn nan bai yi mata komai ba. Ya mutu yana neman abin da zai aika mata, ya mutu tana sa masa albarka. Ni ne na jawo masa wannan kalma yana cikin kabari, inda ba zai iya tashi ya ce ba shi ba ne. Na yi tunanin in sake amfani da muryarsa sau ɗaya, in yi kuka in roƙe ta har sai ta ce ta yafe, sannan in bari a kai mata labari. Amma yafiyar da aka karɓa da yaudara yafiya ce? Na yi tunanin in hau mota in je da kaina in durƙusa a gabanta. In ce mata ni wa? Da wace muryar zan yi sallama? In faɗa mata ɗanta ya rasu, sannan in ƙara mata da cewa duk wanda ta yi wata bakwai tana yi wa nasiha, tana yi wa dariya, tana yi wa fushi, wani ƙato ne mai gyaran waya da bai taɓa ganin ta ba? Tsohuwa mai wannan jikin za ta ɗauki biyun a rana ɗaya? In kuma ta faɗi a gabana, na kashe ta ke nan?

Sallah saura kwana goma sha ɗaya. Jibi Alhamis, maƙwabciyar za ta je kasuwa, kuma na san tsohuwar za ta zauna a ƙofar gida tana jiran amsar da za a kawo mata. Wayar Isuhu ga ta nan a kan teburina, na cika mata caji.

Don Allah, 'yan'uwa, malamai da iyaye mata da ke wannan shafi, me zan yi?